Yadda Muka Shuka Filin Ƙwallo a Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ba a bar ni na zauna majalisa cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce me na gano, wancan ya ce wai da gaske ne an gan ni da gajeren wando ina gudu a gefen fili da tuta a hannu, ni da na bar gida da sunan ziyarar ɗan'uwa. Tun ina ba da labarin ɗaya bayan ɗaya har na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya a ƙofar masallaci wani ya tare ni yana taya ni murna, wai sojojin Nijar sun rataya mini lambar girma. Shi ya sa na ce gara in zauna in rubuta abin yadda ya faru, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ni malamin motsa jiki ne a wata firamare a nan Sakkwato, kuma nakan busa usur idan samarin unguwa za su buga ƙwallo. Ina da taubashi a Yamai mai suna Isufu, ɗan kawuna ne, akawu a wani ofishin gwamnati. Muna gab da dogon hutu sai ga wani direban babbar mota da saƙonsa. Wai in yi wa Allah in nemo irin ciyawa buhu guda, irin wadda Turawa ke shukawa a ƙofar gida, in kawo da kaina, in kuwa ba zan zo ba to in fara neman wanda zai riƙe masa iyali. Na ɗauka wasan taubasantaka ne, don mun saba. Direban ya rantse mini cewa ya bar Isufu ya rame har wuyan rigarsa na lilo.

Da cigiya aka kai ni wurin wani dattijo da ya taɓa yi wa Turawa aikin lambu. Na yi masa bayani, ya shiga ɗaki ya daɗe, ina jin ƙarar gwangwanaye, sannan ya jawo buhu ya ce ga shi, ya riga ya cuɗa da yashi don haka ake watsa shi. Na ɗebo na duba, yashi ne da wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi. Ban taɓa ganin irin ciyawa ba. Mu da muka tashi cire ciyawa muka ga ana yi, ba shuka ta ba. Na yi godiya na ɗauka.

Hanyar Illela ba ta da daɗin gani a bana. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba, mutane na ta gangarowa kudu da ƙafa, mata da ƙorai a ka, maza na kora abin da ya rage musu na dabbobi. Mu kaɗai muka nufi arewa. A Kwanni aka sauke mu wurin 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu. Wani dogo mai gashin baki ya doki buhuna da sanda ya ce mene ne. Na ce irin ciyawa. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Sai ya kira abokan aikinsa su zo su ga mutumin da ya shigo da ciyawa a fili a shekarar da kowa ke shigo da gero a ɓoye. Suka kwance bakin buhun, gardama ta kaure. Ɗaya ya ce abinci ne, a bar shi ya wuce. Ɗaya ya ce kayan sayarwa ne. Dogon ya tsoma hannu har gwiwa ya ce shi dai yashi yake ji, in kuwa yashi ne to in mayar da abina, Nijar ba ta da ƙarancinsa.

Suna cikin haka rana ta take, sai kawai suka rufe taga suka watse. Ashe al'adarsu ce, da tsakar rana kowane ofis a ƙasar barci yake zuwa, ba ya dawowa sai la'asar ta kusa. Na zauna kan buhuna a inuwar bango. Da suka dawo babbansu ya tambaye ni aikina, na ce malamin makaranta. Nan take ya ce, “To, Mushe, matso nan.” Raina ya ɓaci, don tun daga Illela muke wuce mushen shanu a bakin hanya, ban kuma ga abin da ya haɗa ni da su ba. Wani fasinja ne ya raɗa mini cewa girmamawa ce, haka suke kiran malaman lakwal, wato makarantar boko. Na haɗiye. Har na bar ƙasar ban saba ba, duk wanda ya ce mini Mushe sai na ɗan shinshina jikina.

Abin da ya raba gardamar shi ne da na ce wanda ya aiko ni yana aiki ne ƙarƙashin Kumandan mai shirya wasannin ƙasashe, kamar yadda direban da ya kawo saƙon ya gaya mini. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki a can ba, kuma sunan kumandan ya fi kowace takarda aiki. Nan da nan aka ɗaure buhun, aka yi masa rubutu da alli, aka tsayar da wata kamyo, wato babbar motar kaya, mai zuwa Yamai aka ce a sa shi gaba kusa da direba. Ni aka ce in hau baya kan fatu. Haka muka yi tafiyar. A Dogondutsi da Doso jandarmomi suka sauke ni suna juya katina, amma da sun leƙa gaba sun ga rubutun allin sai su ƙame su sara wa buhun. A Doso taya ta fashe, muka yini. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, na mayar wa mai shi na ce ya bushe, ya ce yanzu ya fito daga wuta. Daddaɗan cikinsa na ƙwaƙule na ci, ɓawon na ba direba.

Na sami Isufu a tashar Yamai yana jira. Bai gaishe ni ba sai da ya rungumi buhun. A hanya ya warware mini zancen. Ƙasashen maƙwabta ne za su taru a yi wasanni, da gudu da tsalle da dambe da kokowa, amma ƙwallon ƙafa ne uban tafiya, su balo suke ce masa. An sa ranar tun kafin fari ya yi tsanani, kuma sababbin masu mulki sun ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a ɗaga ba, kada baƙi su ce ƙasar ta durƙusa. Aka tara ma'aikata daga ofisoshi a wani zaure, Kumandan ya shigo ya rarraba aiki a tsaye. Mai ƙiba aka ɗora masa kula da abinci, wanda ya zo da keke aka ɗora masa sufuri. Da ya iso kan Isufu ya gan shi da koriyar riga, sai ya ce ciyawar fili tasa ce, ranar buɗewa yana son ya ga filin kamar rigar nan, in ba haka ba akwai wani ofis can cikin hamada da ke neman akawu.

“Ni da ko tattasai ban taɓa shukawa ba, taubashi,” in ji Isufu. “Rigar ma ta aro ce.”

Gidansa ba masaka tsinke, dangin matarsa daga ƙauye fari ya koro su sun cika har zaure. Don haka ya kai ni hayin kogi, Lamorde, ɗakunan ɗaliban jami'a da aka tanadar wa 'yan wasa. Mutumin da ke kula da masauki ya yi murna da ganina, ya ce dama yana neman wanda zai gwada masa gadaje. Kowace safiya sai ya sauya mini ɗaki ya tambaye ni yadda na tashi. Gadon da ya karye da ni aka ware wa 'yan gudu tun da ba su da nauyi, wanda ya jure aka ba 'yan kokowa. Abinci kuma masu girki suna koyon dafa na kowace ƙasa, ni ne mai ɗanɗanawa. Wata rana suka kawo mini wani abu fari mai yauƙi suka ce tuwon ƙasarmu ne, na ce ban taɓa ganinsa ba, suka ce to ban san ƙasarmu ba. Abin da ya riƙe ni shi ne kwadon ganye da ƙuli da Zabarmawa ke kira kopto, a bakin gada ake sayarwa.

Filin kuwa da na gan shi gabana ya faɗi. Jar ƙasa ce mai tauri kamar daɓe, ko tsinke babu. An tattaro masu lambu daga unguwar Gamkalle ta bakin kogi da bokitansu na ban ruwa, babbansu wani tsoho ne Bazabarme mai suna Hamani, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, Zabarmancin Isufu kuma na cefane ne. Da hannu da ƙafa aka yi bayani. Hamani ya ɗebi irin ya hure yashin, ya gyaɗa kai ya ce, “A bori,” wai ya yi kyau. Hankalinmu ya kwanta. Washegari muka zo muka tarar sun yanka filin fangali-fangali da kunyoyi da hanyoyin ruwa, tsaf kamar lambun albasa. Sai da na ɗauko ƙwallo na gangara da ita a gabansa tana cin karo da kunya tana dawowa kafin ya yarda a baje, yana yi yana ƙunƙuni. Ruwa kuma motocin tanki na soja ke jidowa daga kogi safe da yamma, kogin da ya janye har yara na ratsa shi da ƙafa.

Kafin iri ya fito ba ni da aiki, sai na riƙa bin Isufu wurin taro. Na ga ranar da aka jefa ƙuri'ar haɗa ƙasashe. An rubuta sunaye an zuba cikin ƙwarya, aka ɗauko biyun farko, sai ga wata ƙasa an haɗa ta da kanta, don wani ya rubuta sunanta da Faransanci wani kuma da Ingilishi. Aka daɗe ana shawarar ko ƙuri'a tana sakuwa, har wani ya kawo shawarar ƙasar ta raba 'yan wasanta biyu. 'Yan badujala su ma suna can ƙarƙashin bishiya suna koyon taken kowace ƙasa. Na ƙasa ɗaya ta bakin teku ya gagara samuwa, sai suka je kasuwa suka samo wani ɗan ƙasar mai sayar da agogo ya yi musu shi da fito, suka ɗauka.

Da tsiro ya fara fitowa Isufu ya yi sadaka da waina. Filin ya yi shar, har mutane na hawa bango su kalla, don an daɗe ba a ga kore haka a garin ba. Amma bayan 'yan kwanaki na lura ciyawar ba ta yin tsini, faɗi take yi. Wata safiya muka tsaya tsakiyar fili ni da Isufu. Ya durƙusa ya tsinki ganye ɗaya, ya murza ya shinshina.

“Taubashi,” ya ce, “ciyawar taku ta Nijeriya da ita kuke miya?”

Alayyafo ne, daga raga zuwa raga. A kusurwar gabas kuma rama ce ta fito, da 'yar yakuwa jefi-jefi. Muka nemo wani soja mai jin harsunan biyu muka tambayi Hamani ko ya san haka tun farko. Tsohon ya yi mamakin tambayar. Ya ce tun ranar da ya hure yashin ya gane, kuma ya ɗauka abin da muke so ke nan. Ya ce shi a tunaninsa gwamnati ce ta ga halin da ake ciki ta ce a noma filin, in ba haka ba wane mai hankali ne zai jido ruwan kogi a bana ya zuba wa ciyawa. Isufu ya zauna a ƙasa ya ce lokaci ya ƙure, ko da an sami irin gaske ba zai fito ba.

Da yamma Kumandan ya zo dubawa. Allah ya taimake mu bai sauko ba, can saman rumfar manya ya hau ya sa tabarau mai jawo nesa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya aiko a gaya wa Isufu ya yi ƙoƙari, sai dai ta yi tsawo, a rage. Injin yankan ciyawar da aka yi oda kuwa yana can tashar jirgin ruwa a wata ƙasa, ba wanda ya san ranar zuwansa.

A bayan bangon filin akwai zangon mutanen da fari ya koro daga arewa, sun kakkafa bukkoki da kwali da tsummoki. Tun da ganyen ya buɗe matansu ke tsayawa a ƙofa suna leƙe. Babbarsu wata tsohuwa ce daga ƙasar Tawa, Inna Zali, doguwa siririya, mai magana kamar tana ba da umarni. Ita ta tare ni ta ce, “Ɗana, wancan abin da kuke tsare da bindiga, ci za ku yi ko kallo?” Na gaya mata gaskiya, cewa yankewa za a yi don a buga ƙwallo a kai. Ta ce to ga masu yanka, da wuƙaƙensu ma.

Matsalar ita ce ba mai shiga filin sai da kati rataye a wuya, kuma sojan ƙofa ko uwarsa ce ba zai bari ba. Isufu ya je wurin masu kati aka ce an gama bugawa. Waɗanda suka rage na wata ƙasa ce da ta aiko cewa ba za ta zo ba, kuma duk na 'yan dambenta ne. Ya kwaso su haka nan. Washegari da sassafe mata suka yi layi a ƙofa, wasu da goyo, kowace da katin ɗan dambe a wuya. Inna Zali ce a gaba da na mai horarwa. Sojan ya karanta katin, ya dube ta sama da ƙasa, ya sake karantawa, sannan ya ƙame ya buɗe ƙofa. Sharaɗi biyu ta gindaya mana, cewa ba za su yanke har ƙasa ba don ya sake tofowa, kuma bayan raga ba wanda zai taɓa, iri za a bari. Kafin hantsi filin ya kwanta lif, kwanduna sun cika, da yamma kuma hayaƙi ya tashi a zangon ta ko'ina.

Baƙi suka fara isowa, wasu ta jirgi wasu a motocin da suka kwana a hanya, aka kore ni daga Lamorde na koma na cusa kaina cikin baƙin da suka cika zauren Isufu. Ana gobe buɗewa aka tuna cewa ƙasar da ba ta zo ba ita ce za ta kawo ɗaya daga cikin masu ɗaga tuta a gefen fili. Isufu, don neman suna, ya ce ai taubashinsa babban alƙalin wasa ne a Nijeriya. Kafin in buɗe baki an miƙo mini tuta da baƙin gajeren wando na wani mai ƙiba, da igiya na ɗaure shi.

Ranar buɗewa garin ya cika. 'Yan lakwal suka yi fareti cikin rana, ƙasashe suka shigo bi da bi da tutocinsu, badujala na busa wa kowace takenta. Da aka zo kan ƙasar bakin tekun nan aka busa, manya duk sun miƙe, sojoji sun ƙame, sai muka ga 'yan wasanta sun dubi juna, can na bayansu suka fara rausaya. Ashe waƙar biki ce mai agogo ya koya musu. Jakadansu ya tsaya ƙiƙam har aka gama, gumi na zuba.

Da su aka buɗe wasan ƙwallo, su da masu masauki. Ba a daɗe da farawa ba filin ya fara nuna halinsa. Duk wanda ya taka da ƙarfi sai santsi ya kwashe shi, fararen rigunan baƙi suka koma kore, ƙwallo kuma in ta shiga wajen ramar sai ta tsaya cak kamar an kira ta. Wurin ya ɗauki ƙamshin madafa. Mai tsaron ragar baƙi, da wasa ya yi nisa da shi, na gan shi ya durƙusa yana tsinka yana cusawa cikin hularsa. Ana busa hutun rabin lokaci mai horar da su ya cika hannu da ganye ya nufi rumfar manya yana faɗa da Faransanci, wai shi ƙwallo ya kawo yaransa su buga, ba a gaya masa cikin miya za a yi ba.

Aka aiko kiranmu. Muka tarar da Kumandan a bayan rumfa riƙe da ganyen, mai horarwar na gefe yana huci. Ya tambayi Isufu mene ne wannan. Isufu ya fara kame-kame. Ana haka sai ga Inna Zali ta ɓullo da kwando a ka, ta zo kwashe abin da aka tattake kafin a koma. Kumandan ya tsayar da ita, ya kama katin wuyanta ya karanta.

“Iya, ke ce mai horar da 'yan dambe?”

“Haka suka ce, ɗana,” ta amsa. “Ni dai abin da na sani, tun da aka bar mu muna yankan nan kullum sai an ɗora tukunya a zangonmu.”

Ya saki katin. Ya daɗe yana kallon kwandon, sannan ya dubi wajen bangon da bukkokin suke, ko da yake daga nan ba a hango su. Da ya juyo ga mai horarwar sai ya yi masa magana a hankali da Faransanci. Daga baya Isufu ya fassara mini, wai ce masa ya yi a ƙasar nan wannan ita ce ciyawa, duka ƙungiyoyin biyu a kanta suke faɗuwa, wanda kuma ya ga wani abu daban to rana ce ta buge shi, akwai likita. Mutumin ya watsar da ganyen ya tafi. Kumandan ya matso dab da Isufu.

“Ciyawa ce. Ka ji ko?”

“Na ji, ranka ya daɗe.”

“A ci gaba da ba ta ruwa.”

Daga ranar ba wanda ya sake kiran abin da sunansa a filin nan, har mai sanarwa a lasifika yana yabon ciyawar Yamai. Matan kuma suka zama 'yan kallo na dindindin, tun da katinsu na shiga ko'ina. A bayana suke zama, kusa da kusurwar gabas, kuma ba ruwansu da wanda ya ci ko aka ci. In ƙwallo ta fita waje su yi guɗa, in wasa ya koma tsakiya inda ya riga ya zama fako su yi hamdala. Abin da suka tsana shi ne bugun kusurwa, don sun ga yadda ƙarti ke taruwa su tattake musu rama. Ba su san dokar ba, amma sun gane daga tutata abin ke fitowa. Da ƙwallo ta doshi wajen sai in ji muryar Inna Zali a ƙeyata tana cewa in ji tsoron Allah. A wasan kusa da na ƙarshe ƙwallo ta taɓa ƙafar mai tsaron baya ta fita a gabana ƙiri-ƙiri, na nuna kusurwa. Aka buga, aka sake samun wata, aka sake. Da aka tashi ramar ta zama taɓo. Washegari na gaishe ta ta kau da kai, ta aiko wata ta gaya mini ta ɗauka ni ɗan mutunci ne.

Sauran wasannin ban ga da yawa ba. Na dai ji an yi gudu, an yi kokowa a wani fili na yashi inda ba wanda ya yi ƙorafin komai. Ranar ƙarshe baƙin bakin tekun nan ne suka ɗauki kofi, mai horarwar da ya yi faɗa har da rawa, kuma da aka tashi busa musu take sai suka roƙa a sake musu waƙar bikin. Da gari ya waye aka rushe kwamiti, kowane akawu ya koma ofishinsa, motocin tanki ba su sake zuwa ba. Isufu ya koma kujerarsa ba yabo ba fallasa, ya ce shi haka ya fi masa. Kafin mako ya zagayo filin ya koma ja.

Amma alayyafon bayan raga ya riga ya fitar da kai. Matan suka yanke suka shanya suka sussuke, Hamani kuma ya yanka musu wani ɗan gefe a lambunsa na Gamkalle, inda kogi ya janye ya bar danshi. Can na je yi musu sallama ranar da zan taso. Na sami Inna Zali tsugune tana yayyafa iri, katin damben har yanzu yana wuyanta, ta ce igiyar tana da ƙwari. Ta huce da ni, har ta sa aka kawo mini ruwa. Muka taɓa hira, ta yi mini addu'ar hanya, na miƙe zan tafi sai ta kira ni.

“Wai ɗana, duk guje-gujen nan da aka yi, wa ya ci?”

Na gaya mata sunan ƙasar, na ce su suka ci kofi.

“Wannan da suka ɗaga sama suna tsalle? Ai na leƙa da suka wuce ta gabanmu, ba komai a ciki.” Ta koma kan yayyafinta. “To, Allah ya amfana musu. Mu dai mun ci filin.”